Sifana Bakwai 'Yan Ingila

Kun san ni, ba ni da dogon zance. Amma a wurin sunan ɗan Hajara wata mata ta faɗa wa jikata a gaban jama'a cewa kakanta ne ya ci amanar ma'aikatan masaƙa. Yarinya ta zo ta tsaya a kaina tana tambaya ko gaskiya ne. Na ce ta je ta ci abincinta. Kwana uku maganar ta hana ni sakat. Shi ya sa na zaunar da Hajara da biro da littafi, ina faɗa tana rubutawa, tunda ni ban taɓa zama a aji ba. Ba labarin haihuwata zan ba ku ba, wannan kun ji har kun gaji. Shekara ɗaya zan faɗa, shekarar da yaƙi ya yi zafi a wajen Mora, muka yi yajin aikinmu na ƙarshe.

Na shiga masaƙa a nan Garuwa ina saurayi, da tsintsiya na fara. Ubana mahauci ne, ya so in riƙe wuƙa, ni kuwa ƙarfe ne ya ja ni. Injinan saƙa arba'in da takwas ne a ɗakinmu, kuma ba sababbi aka sayo su ba. Daga Ingila aka kwaso su, daga wata masaƙa da ta mutu a can. Wani tsohon Bature ne ya biyo su ya kafa su, shi ya koya wa maigidana Baba Haruna gyaransu. Ranar da zai koma gida ya miƙa wa Baba Haruna wani ƙunshin tamfol, a ciki akwai sifana bakwai, ya ce kyauta ce daga hannunsa, ba kayan masaƙa ba ne. Ku fahimci wannan da kyau, don duk labarin a kansa yake. Mutanen Ingila da nasu awo suka ƙera notin injinan nan, ba irin awon Faransa da muke aiki da shi a ƙasar nan ba. Ka sayo sifana a kasuwa ka ɗora wa notin, ko ta ƙi shiga, ko ta yi masa yawa ta zame ta cinye masa kunnuwa. Duk Garuwa waɗannan bakwai ɗin ne kawai suke kama shi daidai. Da Baba Haruna zai yi ritaya ni ya damƙa wa. Ya haɗa mini da doka ɗaya, wadda shi ma a bakin Baturen ya ji ta: ko ana yajin aiki, mai gyara yana shiga kullum da safe ya ɗiga wa inji mai, ya juya shi da hannu, ya fito bai saƙa ko taki ɗaya ba. Ya ce rigimarmu da masu masaƙa ce, injin babu ruwansa. Yajin aiki biyu na gani kafin wannan, duka haka aka yi, babu wanda ya ce uffan.

Kafin shekarar da nake faɗa masaƙa ta riga ta rame. Da can ana aiki kashi uku, jiniya tana kaɗawa garin yana jin ta har bakin Binuwai. Sai atamfa mai arha ta cika kasuwa daga waje, aiki ya koma kashi ɗaya. Injin da ya lalace babu kayan gyaransa, sai in kwance wani in raya wani. Daga arba'in da takwas muka dawo talatin. Sai yaƙi. Mutane suka rinƙa sauka a tasha da tabarma da tukunya. Abokina Bitrus, masaƙi ne, mutumin duwatsun bayan Mora, shi ne delege, wato wakilin ƙungiyarmu ta ƙwadago, wadda muke kira sandika. A tsakar gidansa 'yan uwansa da suka gudo suke kwana, ko wurin taka ƙafa babu. Kai kuma Isa kana soja, kana can inda ake harbin. Uwarku Asabe ta daina kunna rediyo.

Ana cikin haka aka ba masaƙa aikin kaki na sojoji, aiki babba irin wanda muka manta da shi. Mun yi murna kwana biyu. Rana ta uku direkta ya fito da tsarinsa. Shi ba mugu ba ne, amma takarda kawai yake gani. Ya ce kowa zai ajiye tsohuwar takardarsa ta aikin dindindin, ya sa hannu a sabuwa wadda za ta ƙare ranar da kakin ya ƙare. Zai kuma ɗebo 'yan aikin rana a cika ɗakin. Bayan nan sai abin da Allah ya yi. Mu muka ce za mu yi aikin safe da yamma da dare, amma a bar mana takardunmu, a rubuta cewa bayan kaki babu wanda za a kora.

An yi taro a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro na bakin ƙofa, direkta ya zo da kansa. Da Faransanci ya yi magana, ana juya wa irinmu da Fulatanci. Ya nuna ɗakin saƙa da hannu ya ce mu tambayi kanmu me ya kawo injinan Ingila Garuwa. Ya ce lokacin babban yaƙinsu ma'aikatan Ingila sun ajiye dokokin sandika, har mata suka shiga masana'antu, aka yi aiki babu hutu, ƙasa ta ci nasara. Da sandika ta yi ƙarfi daga baya, yau yajin aiki gobe yajin aiki, ita ce ta kashe masaƙunsu, har aka sayar mana da ragowar. Maganar ta shigi wasu. Bitrus ya miƙe. Shi ma bai yi nisa a boko ba, amma ɗansa malamin tarihi ne a lise, wato sakandare, kuma Bitrus mutum ne da ba ya jin abu ya bar shi. Ya ce direkta ya faɗi rabi ya haɗiye rabi. Gaskiya sun ajiye dokokinsu saboda yaƙi, amma sai da hukuma ta zauna da shugabanninsu, aka yi musu alkawari a rubuce cewa za a mayar musu bayan yaƙi, kuma abin da muke roƙo ke nan. Masaƙun kuwa, ya ce masu su ne suka ci riba shekara da shekaru ba su sayi sabon inji ba, sannan yadi mai arha ya zo daga waje ya ƙarasa su, kamar yadda yake ƙarasa mu. Suka yi ta ja, wannan ya ce sandika, wancan ya ce masu kuɗi, har rana ta take. Wani ya ce a tambayi Tanimu mana, ai shi ne magajin Bature. Aka yi dariya, aka juyo gare ni.

Na ce, "Ni ban je Ingila ba, injinsu kawai na sani. Wanda ya ƙera shi ya iya aiki. Waɗanda suka yi saƙa da shi sun kula da shi, na ga alamar hannunsu a jikinsa. Amma ya girmi ubana. Wanda ya mallake shi bai canza shi ba, sai a tambaye shi dalili."

Aka tafa mini. Wannan ne tafi na ƙarshe da na samu a wurin. Aka ɗaga hannu, yajin aiki ya tabbata, har da hannuna. Sai wani matashin masaƙi, Jibo, ya ce a wannan karon ko mai ɗiga mai kada ya shiga. Damina ce, rufin ɗakin yana yoyo, in direkta ya ga tsatsa tana cin injinansa zai sauko da wuri. Matasa suka ɗauka da ihu. Na ce ƙarfen nan tsoho ne, in tsatsa ta kama shi a wurin da yake juyawa ba zai tashi ba, kuma ba ni da wani da zan kwance in raya shi. Ko an ba mu takarda, a kan me za mu yi aikin? Jibo ya ce Baba Tanimu ya fi son ƙarfe da mutane. Aka sake ɗaga hannu, suka yi rinjaye. Bitrus ya kalle ni, ya san ina da gaskiya, amma delege ba ya tsallake abin da taro ya yanke. Na ce musu gobe da safe zan shiga, don kada wani ya ce a ɓoye na yi.

Na shiga. Da gwangwanin mai a hannu na ratsa ta tsakiyarsu. Rana ta farko da ido kawai suka bi ni. Rana ta biyu wani ya tofa yawu a gabana. Kafin mako ya cika sunana ya koma karen direkta, har yaran unguwa sun iya. Mutanen da na ɗaure wa yatsu lokacin da inji ya cije su, su ne suke kawar da kai. Awa biyu nake yi a ciki, in bi injin talatin ɗaya bayan ɗaya, in ɗiga mai, in juya, in matsar da bokitai inda ruwa yake zuba, in fito.

A gida ma ban huta ba. Uwarku ƙosai take soyawa a bakin hanyar masaƙa tun kafin a haife ku, masu sayenta ma'aikata ne da matansu. Suka koma wurin wata a tsallaken titi. Tana dawowa da rabin ƙullu, ta dire roba da ƙarfi yadda zan ji. Ta ce shekara talatin tana zaune da mutumin da maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba, ranar da ya tashi yin magana kuma sai ya yi wadda za ta kashe mata kasuwa. Ta ce matar Bitrus, wadda suka yi goyo tare, ta gan ta a famfo ta ɗauke kai. Wata rana ta tsaya a gabana da ludayi a hannu.

"Malam, abu ɗaya zan tambaye ka. Sun saye ka?"

Na ce a'a.

"To shi ke nan. Amma ƙosan da ya kwana kai za ka ci, har ya ƙare."

Na ci kuwa. Mako shida ina cinsa.

A mako na biyu direkta ya kira ni ofishinsa. Ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Injinan a saite suke a kan yadi mara nauyi. Kafin su saƙa kaki sai an canza musu haƙora, an sake ɗaure su ciki da waje, aikin da ni kaɗai nake yi. Ya ce 'yan aikin rana suna nan a shirye, ni ake jira. Zai ba ni shugabancin ɗakin duka. Na ce mai nake ɗigawa, ba na saiti sai masu injin sun dawo. Sai ya sassauta murya ya ce ya ji ɗana soja ne. Ya ce yaranmu suna can cikin ruwa da ƙaya da tsummokara a jikinsu, ni kuma ina nan ina riƙe musu riga saboda mutanen da suke tofa mini yawu. Isa, ba zan yi maka ƙarya ba, wannan maganar ta same ni. Na ga fuskarka a gabana. Amma na tuna tsakar gidan Bitrus, na tuna gida sittin da suke ci daga ɗakin nan. In na saita injin yau, gobe an maye gurbinsu, kuma ba za su sake dawowa ba. Na ce masa kaki yana hannunsa, ya sa hannu a takarda yau, jibi ya ji ƙarar inji. Ya ce to in ajiye masa sifanonin masaƙa, zai nemo masu yi.

Na kira shi yadda ake kiran manya da Faransanci, na ce, "Mushe, ba na masaƙa ba ne. Nawa ne."

Ya kira mai kula da sito, tsoho ne da ya san Baba Haruna, ya tabbatar masa haka ne.

Ya ɗauko makanikai biyu daga Duwala a jirgin sama, da akwatunan kayan aiki masu ƙyalli. Yara ne masu ilimi, ban raina su ba. Sai dai a makarantarsu babu wanda ya faɗa musu akwai noti a duniya da ba ya jin awon Faransa. Ina can gefe ina ɗiga maina, ina kallonsu a kan inji na tara. Suka gwada wannan ta ƙi shiga, suka gwada ta gaba ta zame. Suka ce notin ne ya tsufa, suka ƙara ƙarfi, suka cinye masa kunnuwa ya koma kamar ƙwallo. Suka ɗauko sifana mai buɗewa, kanta ya yi girma, ba ta shiga lungun. Rana ta uku suka sa guduma. Na ce musu baƙin ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Babban ya ce in ji da gwangwanina. Bugu na huɗu kafaɗar injin ta tsage. Na ji ƙarar har cikin haƙorina. Saura ashirin da tara. Direkta ya aika a nemo irin sifanata a Najeriya, inda ake samunsu, amma hanya ta rufe saboda yaƙi, babu direban da zai je. Daga Turai kuwa sai an yi watanni, masu kaki kuma sun ba shi wa'adi.

Wata rana da hantsi jandarmomi uku suka zo gidan nan neman sifanonin. Tun ranar da na fito daga ofis na faɗa wa uwarku abin da ake ciki, ta karɓi ƙunshin, ni kuma ban tambaye ta inda ta kai ba. Suka ɗaga katifa, suka zazzage buhun masara, suka leƙa rijiya. Ita tana tsakar gida tana suyarta, ta ce musu baƙo ba ya shiga gidanta ya fita da yunwa, ta zuba musu ƙosai mai zafi a faranti. Suka ci a tsaye, ɗaya har ya nemi ƙarin yaji. Bokitin man guryar da take ɗiba tana ƙarawa a kasko yana nan kusa da ƙafarsa. Sifanonin suna kwance a ƙasan man. Daga baya ta ce mini ta zaɓi wurin ne don ta san ba zan yafe mata ba in suka yi tsatsa.

Suka tafi da ni, na kwana biyu a wurinsu. Ba su taɓa ni ba. Babbansu tambaya ɗaya yake ta juyawa: wa ya sa ni? Sandika ce ta ce in ɓoye? In na ce Bitrus ne, yanzu zan koma gida. A nan na gane inda aka nufa. Lokacin yaƙi ne. In aka ce sandika ta ɓoye kayan aiki don ta hana sojoji riga, ba yajin aiki ba ne kuma, wani suna za a ba shi, delege duka za a kwashe, kuma ba kwana biyu za su yi ba. Na ce masa ni da sandika ko gaisuwa ba ma yi, ya je bakin ƙofar masaƙa ya tambaya. Ya aika kuwa. Kowa ya rantse masa cewa ni karen direkta ne, Jibo har ya ƙara da cewa tun ina yaro haka nake. Shaidarsu ce ta wanke su. Kayan nawa ne, babu wanda ya ce na sata, dole aka sake ni. Kafin in iso gida labari ya riga ni: wai na ɓoye sifana ne ina ja wa direkta farashi, sai ya ƙara mini kuɗi zan saita. Na bar shi a haka. Wannan labarin ya fi gaskiya amfani a lokacin. Washegari na ɗauki gwangwanina na koma, direkta bai hana ni shiga ba, don shi ma ba ya son injinansa su mutu.

A mako na shida, bayan la'asar, Bitrus ya yi sallama a ƙofar gidana. Rabonsa da gidan tun ranar taro. Ya rame. Asabe ta shimfiɗa masa tabarma ba ta gaishe shi ba, ta koma bakin murhu inda za ta ji komai. Ya ce direkta ya sauko. Wa'adi ya matso, ya yarda kowa ya riƙe takardarsa, ya yarda a rubuta babu kora bayan kaki. Amma ya sa sharaɗi ɗaya. In saita injinan, ranar da na gama in bar masaƙa. Ya ce ba zai zauna da wanda ya durƙusar da shi ba. Saura shekara biyu in yi ritaya a lokacin. Bitrus ya ce da ya karanta wa taro sharaɗin, tafi aka yi.

Ya ce, "Yaya, ni ban tafa ba. Tun ranar da jandarma ya zo yana tambaya a kanka na gane. Da kuɗi kake so da tuni ka karɓa."

Na ce to.

"In na tashi a taro na faɗi abin da ka yi, ba za su yarda a kore ka ba."

"In ka faɗa, kafin magariba direkta ya ji. Zai ce da ma bakinmu ɗaya. Takarda ta tashi, kai kuma a zo a ɗauke ka. Mutum nawa ne a gidanka yanzu?"

Ya ce ashirin da uku.

Asabe ta taso daga bakin murhu. Ta ce wato mijinta ya sha yawu, ya sha ɗauri, ya ci ƙosan jiya mako shida, sannan a sallame shi da sunan kare, su kuma su shiga suna rawa? Ta ce Bitrus ya ji tsoron Allahn da yake zuwa coci dominsa. Bitrus bai ɗaga kai ba. Ya ce duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya zo, ba zai sa hannu ba sai na ce.

Na ce, "Je ka sa."

Ya zauna kaɗan, ya tashi. A bakin ƙofa ya ce wata rana zai faɗa. Na ce ba yanzu ba. Bai samu ranar ba. Direktan ya daɗe a kujerarsa, yaƙin ya daɗe, kuma mutane sun riga sun saba da labarinsu. Bitrus ya rasu shekara huɗu bayan nan. Ban riƙe shi da komai ba, ni na hana shi. Kowace Kirsimeti har ya mutu yana aiko mana da cinyar akuya, ba saƙo, ba komai.

Abin da ya biyo baya kun sani. An saƙa kakin, an kai. Ya makara da mako shida, kuma ina cikin waɗanda suka makarar da shi. Isa, ban sani ba ko a cikin makonnin nan ka kwana da yagaggiyar riga saboda ni. Ban taɓa tambayarka ba. In haka ne, ga dalilin, ka auna da kanka. Ɗakin saƙa ya ƙara shekara bakwai kafin a rufe shi, a cikinsu tsofaffin duka suka kai ritayarsu da takardunsu, Jibo ya aurar da ƙannensa biyu ya gina ɗaki. Ni na koma gyaran injin niƙa a kasuwa, da shi na ƙarasa ciyar da ku. Har yau in an zauna ana musun ko sandika ce take kashe masaƙa ko masu ita, a Ingila ko a nan, ba na sa baki. Tamu dai na san ba a hannunmu ta mutu ba.

Bari in koma kan saitin, kwana uku na yi ina yin sa. Na tsamo sifanonin daga mai, na goge, na shiga. Musa, wanda ya yi shekara goma sha biyar a ƙarƙashina, yana miƙo mini kaya ba ya kallon idona. A ɗakin kaɗi, inda babu wanda ya ɗiga mai, sai da aka yi mako uku ana fama kafin rabin injinan su motsa. A namu ɗakin, safiyar rana ta huɗu, jiniya ta kaɗa, masaƙa suka shigo kowa ya tsaya a gaban injinsa. Na ɗaga hannu aka ba da wuta. Ashirin da tara suka tashi tare, ko ɗaya bai yi gardama ba. Ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na bi layi ina saurare, na ga kaki yana sauka santsi, babu tsalle babu gibi. Babu wanda ya kalle ni, kowa idonsa a kan zarensa, kuma haka ya kamata. Na naɗe sifanonin a tamfol ɗinsu na ɗora a hannun Musa. Na sa baki a kunnensa saboda ƙara, na faɗa masa nasa ne, ba na masaƙa ba, na kuma faɗa masa dokar mai. Ya riƙe ƙunshin da hannu biyu, bakinsa yana motsi, ban ji abin da ya ce ba.

Na karɓi takardar sallamata a ofis na fito da azahar. A bakin ƙofa na tsaya ina gyara hula, ƙarar ɗakin tana biyo ni ta cikin bango. A cikinta na ji ɗaya yana ɗan sara, bugunsa yana rigan na sauran da kaɗan. Na sha huɗu ne, na san halinsa, in ya yi zafi notin hagu yana saki. Na juya zan koma, mai gadi Bappa Hammadu ya sa sandarsa a gabana. Ya ce in yi haƙuri, an ba shi umarni tun safe, shi ma ba da son ransa ba.

Na ce, "Ba komai, Bappa. Ka aika a faɗa wa Musa, na sha huɗu, notin hagu, da sifana ta uku. Rabin juyi kawai, kada ya ƙara."

Ya tafi da kansa. Na tsaya a rana a wajen ƙofa ina jira. Can na ji na sha huɗu ya yi shiru, ya sake tashi, bugunsa ya shiga cikin na 'yan uwansa. Sannan na kama hanyar gida.